Karɓar Baƙi: Sulhun da Yake Farawa Daga Ƙofar Gida

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ikara, Makarfi ko Kudan ya san yadda ake tarar baƙo. In ya yi sallama sai a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa, a gaisa, sannan a ji abin da ke tafe da shi. Tarbiyya ce da muka gada gaba ɗayanmu, Kirista da Musulmi. Har yau muna karɓar baƙi, sai dai in muka duba da kyau za mu ga yawancin baƙinmu 'yan ikilisiyarmu ne, ko 'yan yarenmu, ko waɗanda ra'ayinmu ya zo ɗaya. Tabarmar tana nan, amma ta ƙanƙance.

Wannan koyarwa za ta nuna cewa karɓar baƙi irin wadda Littafi Mai Tsarki ya umarta tana kaiwa har ga mutumin da ke ɗaya gefen katangar da ta raba mu, kuma hanya ce da Allah yakan bi ya kawo salama.

Abin da ya raba mu

Ba sai an tuna wa manya ba. Rikicin da ya tashi a Kafanchan a watan Maris 1987 ya bazu har Zariya da Funtuwa, aka ƙone ɗakunan sujada masu yawa. Na Zangon Kataf a watan Mayu 1992 ya taɓa Kaduna da Zariya, ya iso har Ikara. Sai na Shari'a a Fabrairu 2000, da wanda ya biyo bayan zaɓen Afrilu 2011. An yi asarar rayuka a kowane ɓangare. A birnin Kaduna mutane suka yi ta ƙaura, har kogi ya zama kamar iyaka: yawancin Kirista a kudu, yawancin Musulmi a arewa.

Mu nan ba mu da kogin da zai raba mu haka. A ƙauyukanmu akwai gidan da wa Musulmi ne, ƙane Kirista, kakansu ɗaya. Fadama ɗaya muke noman rake da tumatir, kasuwa ɗaya muke ci a Makarfi da Hunkuyi da Ikara. Amma rabuwar ta shiga zuciya. Kwanon abincin da ake aikawa maƙwabta ranar Kirsimeti da ranar Salla ya ragu a wurare da dama. Mutane suna gaisawa a hanya, ba sa shiga gidan juna. Inda kuwa zumunci ya yanke, jita-jita ce take cike gurbin, ga shi yanzu waya tana kai ta gari goma kafin a gama cin tuwo.

Akwai kuma rabuwa tsakanin manomi da makiyayi, da wadda ke cikin ikilisiya kanta: tsakanin Bahaushe Kirista ɗan ƙasa da wanda aiki ko kasuwanci ya kawo daga kudancin Kaduna ko kudancin Nijeriya, da tsakanin wannan ɗarika da waccan.

Shugabanni sun yi nasu ƙoƙarin. A watan Agusta 2002, lokacin mulkin Gwamna Ahmed Makarfi, malaman addini 22, Kirista da Musulmi, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Aiki ne mai kyau. Duk da haka, a watan Nuwamba na wannan shekara wani rikici ya sake ɓarkewa a garin. Takarda tana da amfaninta, amma ba ta iya shiga zaure ta zauna. Wannan aikin magidanta ne da matan gida.

Me Littafi Mai Tsarki yake nufi da karɓar baƙi?

Kalmar Helenanci da aka fassara da karɓar baƙi a Sabon Alkawari ta haɗa kalmomi biyu ne: ƙauna da baƙo. Wato ƙaunar wanda ba naka ba. Ciyar da abokai da dangi abu ne mai kyau, amma Yesu ya nuna a Luka 14:12-14 cewa wannan biki ne, ka yi mini in yi maka. Ya ce a gayyaci waɗanda ba su da abin ramawa.

A Romawa 12:13 Bulus ya umarci masu bi su himmantu ga karɓar baƙi. Kalmar da ya yi amfani da ita tana nufin bin abu da gudu, kamar yadda mafarauci yake bin nama. Ita ce kuma ya maimaita a aya ta 14, inda yake magana a kan masu tsananta mana. Ma'anar a fili take: yadda mai tsanani yake bin ka da mugunta ba ya gajiya, haka za ka bi baƙo da alheri. A ƙarshen surar ya ce a ciyar da maƙiyi in yana jin yunwa, a shayar da shi in yana jin ƙishi.

Tushen wannan umarni shi ne abin da Allah ya yi mana. Romawa 5:10 ta koya mana cewa muna maƙiya aka sulhunta mu da Allah ta wurin mutuwar Ɗansa. Afisawa 2 ta ce dā mu bare ne, yanzu an mai da mu 'yan gida, Almasihu kuma ya rushe katangar gaba. Duk lokacin da muka zo teburin Ubangiji, baƙi ne mu da aka karɓa ba don mun cancanta ba. Shi ya sa Romawa 15:7 ta ɗora karɓar juna a kan yadda Almasihu ya karɓe mu.

Misalai uku daga Nassi

Na farko, Ishaku da Abimelek (Farawa 26). Rikicin a kan ruwa ne, irin wanda muka sani. Filistiyawa suka cike rijiyoyin mahaifinsa da ƙasa, sarkinsu ya ce ya tashi ya bar musu gari. Ya haƙa wata rijiya, makiyayan Gerar suka ce tasu ce. Ya haƙa ta biyu, aka sake jayayya. Daga baya Abimelek ya zo wurinsa tare da shugaban sojojinsa. Ishaku bai ɓoye ɓacin ransa ba. Ya tambaye su dalilin zuwansu, alhali sun ƙi shi sun kore shi. Bayan ya ji bayaninsu sai ya shirya musu liyafa, suka ci suka sha, suka kwana. Da sassafe suka yi wa juna rantsuwa, suka rabu lafiya. A lura da tsarin: an faɗi gaskiya, an ci abinci, sannan aka ƙulla alkawari. Karɓar baƙi ba ta hana faɗin laifin da aka yi maka. Tana samar da wurin da za a faɗe shi ba tare da an zare wuƙa ba.

Na biyu, Elisha da sojojin Suriya (2 Sarakuna 6:8-23). An aiko su Dotan su kama annabin, Allah ya makantar da su, Elisha ya ja su har tsakiyar Samariya. Sarkin Isra'ila ya ga maƙiya a hannunsa, ya nemi izinin kashe su. Elisha ya hana, ya ce a ba su abinci da ruwa a sallame su. Aka yi musu babbar liyafa, suka koma gida, hare-haren da suke kawowa suka tsaya. Gaskiya ne ayar da ke biye ta nuna cewa daga baya sarkin Suriya ya sake kawo yaƙi. Kwanon tuwo ba laya ba ne. Amma a ranar an ceci rayuka, an kuma yanke igiyar ramuwa.

Na uku, Bitrus da Karniliyas (Ayyukan Manzanni 10). Bayahude mai kiyaye al'ada ba ya shiga gidan wanda ba Bayahude ba, balle ya ci abincinsa. Karniliyas kuwa hafsan sojan Roma ne, masu mulkin mallaka. Da manzanninsa uku suka iso Yafa, Bitrus ya shigo da su ya ba su masauki. Kashegari ya bi su zuwa Kaisariya, ya shiga gidan Karniliyas, ya yi kwanaki a can. Da ya koma Urushalima, ƙarar da 'yan'uwa suka kawo a kansa ita ce ya shiga gidan marasa kaciya ya ci abinci tare da su (11:3). Wanda ya buɗe ƙofarsa ga na waje ya shirya jin magana daga na cikin gida. Bitrus kansa ya taɓa jin tsoron wannan magana a Antakiya, ya janye daga cin abinci da al'ummai, Bulus kuwa ya tsauta masa a gaban kowa, domin janyewar ta saɓa wa gaskiyar bishara (Galatiyawa 2:11-14).

Yaya kwanon abinci yake kawo salama?

Da farko, yana mai da suna ya zama fuska. Yana da sauƙi a ce "Musulmi sun yi kaza" ko "Fulani sun yi kaza" in ba ka san kowa a cikinsu ba. Amma in ka san Malam wane, ka san 'ya'yansa, ka san ciwon ƙafar da ke damun mahaifiyarsa, bakinka zai yi nauyi. Shi ma haka in aka zagi Kirista a gabansa.

Na biyu, yana ƙulla amana. A wurin Bahaushe abin kunya ne ƙwarai ka cuci wanda kuka sa hannu a ƙwarya ɗaya. Ko mai taurin zuciya yakan ji nauyin wannan.

Na uku, yana buɗe hanyar magana tun kafin rana ta ɓaci. Ranar da labari ya iso cewa an kashe wani a wani gari, wa za ka kira? In fasto da liman ba su taɓa zama a zauren juna ba, ba a daren tashin hankali za su fara sanin juna ba. Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna dā jagororin matasa ne masu gaba da juna. Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. Sun haɗu a 1995, kuma cikin abubuwan da suka sassauta zuciyar Wuye har da ziyarar da Ashafa ya kai wa mahaifiyarsa tana kwance a asibiti. Daga baya su ne suka yi ta shiga tsakani a wuraren rikici, a gida da waje.

Na huɗu, yara suna gani. Yaron da aka saba aika da kwanon shinkafa gidan maƙwabci Musulmi, ya dawo da tukuici, da wuya a ba shi fetur ya ƙone wannan gida in ya girma.

Mu ma baƙi ne

Kada mu ɗauka kullum mu ne masu bayarwa. Bishara kanta baƙuwa ta zo ƙasar Zazzau. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda mutane suke kira Likita Mila, ya zauna a cikin birnin Zariya daga 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Ba kullum aka yi ta daɗi ba, amma mishan ɗin ya yi shekaru fiye da ashirin a tsakiyar Musulmi kafin a koma Wusasa a 1929. A wurin mutanen gari Miller ya ƙware da Hausar da ya yi aikin fassara da ita, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. A 1913 kuma wasu daga cikin Isawa, mabiyan koyarwar Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda yadda yake ɗaukaka Annabi Isa, suka zo wurinsa suna neman ƙarin sani. Aka karɓe su. Daga wannan haɗuwa aka kafa ƙauyen Kirista a Gimi, da ciwon barci ya yi musu ɓarna kuma aka sake karɓar waɗanda suka rage a Zariya. Ikilisiyar Hausawa a wannan ƙasa ta tsiro ne daga ƙofofin da aka buɗe.

A zamaninmu ma an ga haka. A watan Yuni 2018, da aka kai hari ƙauyukan ƙaramar hukumar Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa ya ɓoye mutane 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya ƙi miƙa su ga maharan. Ya bayyana cewa shekaru da dama kafin nan Kiristocin yankin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Waɗanda suka ba da filin ba su san 'ya'yansu za su tsira a cikinsa ba.

Saboda haka mu koyi zama baƙi nagari. Da Yesu ya aiki almajiransa a Luka 10, ya ce su shiga gida da gaisuwar salama, su ci abin da aka sa a gabansu. Shi kansa ya roƙi ruwa a hannun Basamariya, ya nemi masauki a gidan Zakka. Wanda yake bayarwa kullum amma ba ya karɓa, yana nuna wa maƙwabcinsa cewa ya fi shi ne.

A aikace

Ka fara da gida ɗaya. Ka zaɓi maƙwabcin da kuka daɗe ba ku shiga gidan juna ba, ka je gaisuwa ba tare da wata buƙata ba. Zumunta a ƙafa take.

Ka dafa abin da baƙonka zai ci da kwanciyar rai. Gidajen Kirista da yawa a Arewa sukan kira Musulmi ya yanka musu akuya ko kajin Kirsimeti domin maƙwabta su ci ba shakka. Al'ada ce mai kyau, kada ta mutu. In lokacin sallarsa ya yi yana gidanka, ka ba shi ruwa a buta da wuri mai tsabta. Bangaskiyarka ba ta ragu ba don ka girmama baƙonka.

Kada a neme ka a rasa ranar suna, ranar biki, musamman ranar ta'aziyya. A watan Satumba 2023 'yan bindiga suka kashe masallata a masallacin Saya-Saya a ƙaramar hukumar Ikara. Masu kisa ba sa tambayar addini. In irin wannan ta sami maƙwabta, ya kamata Kirista su kasance cikin waɗanda suka fara isa wurin zaman makoki.

Manomi ya tuna da zaman da iyayenmu suka yi da makiyaya: bayan girbi shanu su shiga su ci kara da harawa, su bar taki a gona. In an yi maka ɓarna ka kai ƙara wurin mai unguwa da arɗo, amma kada ka hana yaron da ke kiwo ruwan sha.

Zumuntar mata tana da babban rabo a nan, domin mata sukan shiga inda maza ba sa shiga. Barka da haihuwa, taya aikin biki, duba mara lafiya, duk ƙofofi ne.

Ikilisiya ta duba cikinta. 'Yan bautar ƙasa, malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, ɗaliban da ke karatu a Makarfi, leburorin da suke zuwa saran rake da tsinkar tumatir: wa ya taɓa kiransu gida bayan sujada? Haka nan ɗan'uwan da danginsa suka juya masa baya saboda bin Almasihu. In ikilisiya ba ta zama masa gida ba, ba shi da wani.

Tambayoyin da akan yi

"A wannan zamani na satar mutane, yaya zan buɗe ƙofa ga wanda ban sani ba?" Tsoron yana da dalili. Yesu ya ce mu haɗa wayo da tawali'u (Matiyu 10:16). Baƙon da ba a san asalinsa ba, a tare shi a zaure ko a ƙofar gida, a ba shi abinci, a sanar da mai unguwa da dattawan ikilisiya kafin a ba shi wurin kwana. Ikilisiyar farko ma tana da tsari. Wani tsohon littafin koyarwa da ake kira Didake ya tsara cewa matafiyi ya yi kwana biyu ko uku, in zai zauna kuma ya kama sana'a. Sai dai mu lura: yawancin waɗanda muka rufe wa ƙofa ba baƙin ido ba ne, mutane ne da muka sani tun muna yara.

"Ba zai raunana bangaskiyata ba?" Gargaɗin da ke 2 Yohanna 10 a kan malaman ƙarya ne masu neman gidanka ya zama dandalin koyarwarsu. Bai shafi maƙwabcin da ya zo gaisuwa ba. Game da abincin da akan aiko ranar Salla, masu bi sun sha bamban. A bi ƙa'idar Romawa 14: mai ci kada ya raina wanda ba ya ci, wanda ba ya ci kada ya hukunta mai ci. Wanda lamirinsa bai ba shi ba, ya nemi hanyar da ba zai wulaƙanta mai aikowa ba.

"Ai hanya ce ta jawo su zuwa coci." A yi hankali. In abincinka ƙugiya ce, baƙo zai gane, amana kuma ta lalace. Ka ƙaunace shi ko ya karɓi bishara ko bai karɓa ba. In ya tambaye ka dalilin begenka, ka amsa da ladabi da tawali'u, kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta koyar.

"Ba ni da abin bayarwa." Gwauruwar Zarefat ɗan gari da ɗan mai kawai take da su (1 Sarakuna 17). Yesu ya ce ko ruwan sanyi moɗa ɗaya ba zai rasa lada ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

"In na gayyata aka ƙi zuwa fa?" Zai iya faruwa. Romawa 12:18 ta ɗora maka naka ɓangaren ne kawai. Ka sake gwadawa wata shekara.

Kammalawa

Ibraniyawa 13:2 ta tuna mana cewa wasu sun sauki mala'iku ba su sani ba. A Matiyu 25 Ubangiji ya ce abin da aka yi wa baƙo, shi aka yi wa. Kowane magidanci da kowace uwar gida su tambayi kansu: a cikin shekarar nan, wane ne ya ci abinci a gidana wanda ba ɗan ikilisiyata ba, ba kuma ɗan yarena ba? Gidan wa na shiga na zauna? In amsar babu ce, a zaɓi gida ɗaya a wannan mako, a yi addu'a dominsa, a je a yi sallama.

Ya Uba, kai da ka karɓe mu muna nesa, ka kawar da tsoro daga zukatanmu. Ka albarkaci gidajenmu a Ikara, Makarfi da Kudan su zama wuraren hutawa ga baƙo da maƙwabci. Ka ba ƙasarmu salama, cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.